Zane a jikin jirgin ƙasa: fasaha ce ko ɓarnar dukiya?

A watan Yulin 2020, ana tsaka da annobar korona, mai zanen nan ɗan Birtaniya da duniya ta sani da laƙabin Banksy ya shiga wani taragon jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Landan sanye da kayan masu feshin magani, ya zana ɓeraye a bangon taragon, wani yana atishawa, wani ya mayar da takunkumin fuska laimar sauka. Kafin ya saki bidiyon aikin a Instagram, masu tsabtace jirage sun riga sun goge komai. Hukumar sufurin birnin, TfL, ta ce ta yaba da saƙon da ke cikin zanen, amma ƙa'idarta ta hana barin kowane irin zane a jikin jirgi, ta kuma yi masa tayin ya sake yin wani a wurin da ya dace. A Oktoban 2021 kuwa aka sayar da wani aikin wannan mutumin a gidan gwanjo na Sotheby's a kan fam miliyan 18 da ɗoriya.

Wannan lamari ya sake tayar da muhawarar da aka shafe fiye da shekara 50 ana yi a biranen Amurka da Turai. Idan hannu ɗaya ne ke fitar da abin da attajirai ke rububin saye da kuma abin da mai shara ke gogewa da tsumma da sinadari, ina iyakar fasaha take, ina kuma ɓarna ta fara? Galibin ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa tambayoyi biyu wuri ɗaya. Ta farko tana duba kyawun aikin da ƙwarewar wanda ya yi shi, ta biyu kuma tana duba ko mai dukiyar ya ba da izini. Amsar ɗaya ba ta warware ɗaya, kuma jirgin ƙasa ne wurin da suka fi karo da juna.

Abin da ake kira girafiti, da abin da doka ke kira ɓarna

Girafiti shi ne rubutu ko zanen da ake yi a bango, gada, tasha ko jikin abin hawa, yawanci da fentin feshi na gwangwani ko alƙalami mai kaurin baki. Masu yin sa sun fi kiran kansu marubuta, domin jigon aikin shi ne rubuta laƙabin mutum. Yana da matakai. Mafi sauƙi shi ne sa hannu da launi ɗaya, wanda ake gamawa cikin daƙiƙu kaɗan. Sama da shi akwai haruffa masu kumburi da launi biyu, waɗanda ke cin 'yan mintuna. Sai cikakken zane mai launuka da yawa, mai inuwa da haruffan da suka sarƙe da juna har wanda ba ɗan hannu ba ba zai iya karantawa ba. Ƙololuwar abin a wurinsu ita ce a rufe gefen tarago guda tun daga sama har ƙasa, har da tagogi, ko ma jirgin gaba ɗaya.

Bambancin nan yana da muhimmanci, saboda mai kare girafiti yakan kawo hoton cikakken tarago mai ban sha'awa, mai sukarsa kuma yakan kawo hoton cikin tarago da aka cika da baƙin rubutu har taswirar hanya ba ta karantuwa. Kowannensu gaskiya yake nunawa, sai dai ba abu ɗaya suke nunawa ba.

Ita kuwa doka ba ta auna kyau. A Ingila, dokar ɓarnata dukiya ta 1971 ta mayar da lalata kayan wani ba tare da halastaccen dalili ba laifi, kuma hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 10 idan asarar ta yi yawa. A Jamus, kafin 2005 sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da cewa fentin ya yi wa jikin abin lahani, lamarin da ke jawo doguwar jayayya a kotu. A shekarar aka gyara sashe na 303 na kundin laifuka, ya zama sauya kamannin kayan wani ba da izininsa ba, sauyi mai yawa kuma wanda ba na ɗan lokaci ba, ya isa laifi, da ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyu ko tara.

Yadda abin ya faro a Niyok

Rubutun laƙabi irin na zamani ya fara ƙarfi ne a birnin Filadelfiya na Amurka a ƙarshen shekarun 1960, amma a Niyok (New York) ya hau jirgi. A Yulin 1971 jaridar New York Times ta buga labarin wani matashi ɗan asalin Girka da ke rubuta TAKI 183 a duk inda ya bi. Taki laƙabinsa ne, 183 kuma lambar titin gidansu ce a arewacin yankin Manhattan na birnin, aikinsa na kai saƙonni kuwa shi ke zagayawa da shi ko'ina a birnin. Yaran birnin suka ga cewa mutum na iya yin suna da alƙalami kawai, nan da nan dubbai suka bi sahu.

Dalilin da ya sa jirgi ya fi bango daraja a idonsu a fili yake. Bango yana tsaye a unguwa ɗaya, jirgi kuwa yana ɗaukar sunan yaro daga yankin Bronx ya ratsa tsakiyar Manhattan ya kai shi yankin Brooklyn, dubban mutane na kallo, ciki har da waɗanda ba su taɓa taka unguwarsa ba. Yanayin birnin ma ya ba da dama. A 1975 Niyok ta kusa tsiyacewa, aka rage ma'aikata, aka jingine gyaran jirage, wuraren ajiye taragai suka zauna da shingen da ya yayyage. Matasa kan shiga da dare, su tsaya a ƙuntataccen fili tsakanin jirage biyu da ke ajiye, kusa da dogon da ke ɗauke da lantarki mai ƙarfin volt 600, su kwana suna fesa zanen da ba za su iya ja da baya su ga kamanninsa ba sai gari ya waye jirgin ya fito kan gada. Fentin ma sau da yawa na sata ne daga kantuna, kuma su da kansu ba sa ɓoye hakan.

Daga cikin wannan yanayi ne aka samu irin su Phase 2, Dondi, Lee Quiñones da Lady Pink, waɗanda a yau gidajen adana kayan fasaha ke ajiye ayyukansu. Tun a 1972 wani ɗalibin jami'a, Hugo Martinez, ya tara wasu daga cikin marubutan ya sa suka fara zane a kan ƙyalle domin baje koli, a 1979 kuma aka baje ayyukan Quiñones da Fab 5 Freddy a birnin Rum. Wato tun farko duniyar fasaha ta buɗe wa abin ƙofa a daidai lokacin da 'yan sanda ke farautar masu yin sa.

Yaƙin 1972 zuwa 1989

Magajin garin Niyok John Lindsay ne ya fara shelanta yaƙi da girafiti a 1972. An gwada kame, an gwada sake fenti, a 1977 aka kawo injin wanki da sinadari wanda sau da yawa yakan bar tarago da wani irin dusasshen launi mai muni. A 1981 magajin gari Ed Koch ya sa aka zagaye wani wurin ajiye jirage a yankin Queens na birnin da shinge biyu masu waya mai kaifi, aka saki karnuka a tsakani. A 1985 aka haramta sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 fentin feshi.

Tunanin da ya ba hukuma ƙarfin gwiwa ya fito ne daga jami'o'i. Masanin zamantakewa Nathan Glazer ya rubuta a 1979 cewa fasinjan da ya shiga taragon da aka cika da rubutu yakan ji a ransa cewa babu mai iko da wurin, kuma idan hukuma ta kasa hana wannan, to ba za ta iya hana abin da ya fi shi muni ba. A 1982 James Q. Wilson da George Kelling suka faɗaɗa wannan ra'ayi zuwa abin da aka sani da ka'idar fasassun tagogi, wadda ke cewa ƙananan alamun rashin kula suna gayyato manyan laifuka. Har yau masana na jayayya a kan ka'idar, musamman ganin cewa laifuka sun ragu a shekarun 1990 a birane da dama na Amurka da ba su bi tafarkin Niyok ba. Masu sukarta suna kuma tuna mutuwar Michael Stewart, wani baƙar fata mai shekara 25 da 'yan sandan jirgi suka kama a 1983 bisa zargin rubutu a bangon tasha, aka kai shi asibiti a sume, ya rasu bayan kwana 13. Kotu ta wanke jami'ai shida da aka tuhuma a 1985.

Abin da ya kawo ƙarshen zamanin bai zama kame ko kare ba. David Gunn, wanda ya karɓi shugabancin hukumar jiragen birnin a 1984, ya gane cewa ladan marubuci shi ne a ga sunansa yana yawo. Sai ya kafa ƙa'ida: duk taragon da aka riga aka tsabtace ba zai sake ɗaukar fasinja da zane a jikinsa ba, ko a goge cikin sa'o'i kaɗan ko a janye shi daga aiki, ko da a lokacin cunkoso ne. Aka bi layi bayan layi, har ranar 12 ga Mayun 1989 aka janye jirgi na ƙarshe mai zane. Wasu matasan suka koma kankare gilashin tagogi da ƙusa ko sinadari, wanda babu mai kiransa fasaha kuma gyaransa ya fi tsada, wasu suka koma taragan dakon kaya.

Kafin nan al'adar ta riga ta tsallaka teku ta hanyar hotunan da Martha Cooper da Henry Chalfant suka ɗauka da kuma fina-finan da aka yi a farkon shekarun 1980. A Maris ɗin 1985 wasu matasa suka rufe gefen jirgi guda sukutum a garin Geltendorf kusa da Munich, abin da ake ɗauka shi ne irinsa na farko a Jamus.

Hujjar masu cewa fasaha ce

Masu wannan ra'ayi suna farawa da aikin kansa. Akwai salo da ake koyo wurin na gaba, akwai gwani da ɗan koyo, akwai ƙa'idojin haɗa launi da lanƙwasa harafi da suka yi tasiri a kan tallace-tallace, tufafi da zanen zamani a duniya. Wannan ɓangare na hujjar ba shi da abokin jayayya sosai a yau, tunda manyan gidajen fasaha sun riga sun amince.

Hujja ta biyu ta shafi adalci. Suna cewa kamfanin da ke da kuɗi yana iya naɗe jirgi gaba ɗaya da tallan lemo ko waya, kamar yadda ake yi a Niyok da wasu birane, ba tare da an tambayi fasinja ko yana so ba, alhali yaron talakan da ya rubuta sunansa sai ya tafi kurkuku. A ganinsu, bambancin kawai shi ne wani ya biya wani bai biya ba. Suna kuma nuna yadda hukuncin ke bin suna: a 2008 wata kotu a Landan ta ɗaure wasu 'yan ƙungiyar masu girafiti ta DPM saboda zane a jirage da tashoshi, wanda ya fi shan hukunci ya sami shekara biyu, a daidai lokacin da gidan fasaha na Tate Modern, da ke cikin birnin, ya gayyato masu zanen titi daga ƙasashen waje suka ƙawata bangonsa. Alƙalin da kansa ya amince akwai baiwa a wasu daga cikin ayyukan, amma ya ce hakan bai kankare laifin ba.

Hujjar kamfanonin jirage

Kamfanonin ba su cika shiga gardamar kyau ko muni ba, lissafi suke kawowa. Kamfanin Deutsche Bahn na Jamus ya ce a 2013 goge fenti na cin masa Yuro miliyan 7.6 a shekara, har ya sanar da gwajin ƙananan jiragen sama marasa matuƙi domin gadin wuraren ajiya. Renfe na Sifaniya ya ƙiyasta asararsa ta 2022 da fiye da Yuro miliyan 25, idan aka haɗa sinadarai, ma'aikata, gadi da janye jirage daga aiki. A Sifaniyar akwai wata dabara da ta fi tayar da hankali, inda wani daga cikin gungun zai ja birkin gaggawa jirgi na ɗauke da fasinja, sauran su fesa fenti cikin 'yan mintuna su tsere.

Game da kwatanta girafiti da talla, amsar kamfanonin ita ce mai talla ya nemi izini, ya biya kuɗin da ke rage wa fasinja nauyi, an kuma tsara naɗin yadda ba zai rufe lambar tarago, fitila ko alamar ƙofar gaggawa ba. Mai karatu na iya tuna zane-zanen zaki da dawisu da kirarin da ke jikin gingimari a hanyar Kano zuwa Legas. Babu wanda ke kiransu ɓarna, domin mai motar ne ya kira mai fenti ya biya shi. Da wani ne ya zo da dare ya zana masa zakin da ya fi wannan kyau ba da saninsa ba, da safe maganar ta ofishin 'yan sanda ce.

Sai batun rai. A Yunin 2018 jirgi ya kashe matasa uku, ɗaya mai shekara 19, biyu masu 23, a kan dogo kusa da tashar Loughborough Junction da ke kudancin Landan, aka tsinci gwangwanayen fenti a gefensu. Irin wannan mutuwa tana faruwa a ƙasashe da dama, ta hanyar bugun jirgi ko wutar lantarki, kuma direban da ya buge mutum yakan ɗauki abin a zuciyarsa tsawon rayuwa.

Inda kotuna suka tsaya

Hukunci ya bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. Singafo na cikin waɗanda suka fi tsanani: a 2010 ta yanke wa wani ɗan Siwizalan ɗaurin watanni da bulala uku saboda ya yanke shinge ya yi wa jirgi fenti, a 2015 kuma wasu Jamusawa biyu suka sami wata tara da bulala uku kowannensu. A Jamus ɗauri ba shi da yawa ga mai laifin farko, amma kamfani na iya bin diyyar da kotu ta tabbatar har tsawon shekara 30, don haka yaron da aka kama yana ɗan shekara 17 zai iya kai shekarun girma yana biyan bashin dare ɗaya.

Shari'ar da aka fi ambata a matsayin nasarar masu girafiti ita ce ta 5Pointz, wani tsohon ginin masana'anta a Queens da mai shi ya shafe zane-zanen jikinsa da farin fenti cikin dare a 2013. A 2018 alƙali Frederic Block ya umarce shi ya biya masu zane 21 dala miliyan 6.75 saboda ayyuka 45, bisa dokar kare haƙƙin masu fasaha ta 1990, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2020. Hukuncin ya tabbatar da cewa zanen fentin feshi na iya kai matsayin fasahar da doka ke karewa. Sai dai waɗannan zane-zane an yi su ne da amincewar mai ginin, saboda haka shari'ar ba ta ba wanda ya haura shinge wata kariya ba. Barazil ma a kan wannan layi ta tsaya, inda dokar 2011 ta cire girafitin da aka yi da izinin mai wuri daga jerin laifuka, ta bar rubutun da aka yi ba izini a matsayin laifi.

Wanda ke ɗaukar nauyin

Yawancin kamfanonin jiragen cikin gari na gwamnati ne ko kuma suna rayuwa da tallafinta, don haka kuɗin gogewa daga tikiti da haraji yake fitowa. Idan aka janye jirgi domin wanki, fasinjan da ke jira a tasha ne ke makara wurin aiki ko ya matsu a taragon da ya rage. Idan fenti ya rufe taga, tsoho ko baƙon da ke neman sunan tasharsa ba zai gani ba. Akwai kuma masu gogewa, waɗanda galibi ƙananan ma'aikata ne, da ke shafe sa'o'i cikin safar hannu da takunkumi suna kankare fenti da sinadari mai ƙarfi. Ba a cika jin muryarsu a muhawarar ba, alhali su ne suka fi kowa kusantar zanen bayan wanda ya yi shi.

A ɗaya ɓangaren, tsananta hukunci ma yana da tsadarsa. Ɗaure matashi na cin kuɗin gwamnati, tabon laifi kuma na iya toshe masa aiki, shi ya sa wasu kotuna suka fi son tara, diyya da aikin al'umma, wanda a wasu lokuta shi ne goge irin fentin da ya fesa.

Hanyar izini da iyakarta

Birane da yawa sun gwada tsaka-tsaki. Melbourne ta Ostireliya ta ba masu zane jiragen da ke bin tsakiyar titi daga 1978 zuwa 1993, ta kuma farfaɗo da shirin a 2013. Wasu birane sun ware bangaye da ƙarƙashin gadoji inda kowa ke iya fesawa ba tare da fargaba ba. Irin waɗannan shirye-shirye suna samar wa masu baiwa aiki da suna, amma ba su kawo ƙarshen shiga wuraren ajiye jirage ba, domin a wurin masu tsattsauran ra'ayi cikin marubutan, haɗari da saɓa doka ɓangare ne na darajar aikin, kuma zanen da aka yi da takardar izini ba ya ƙara wa mutum martaba a tsakaninsu. Wannan ne ya sa sulhu ke da wuya a kan jirgi fiye da kan bango: abin da kamfani ke iya bayarwa, wato izini, shi ne ainihin abin da ke rage wa aikin ƙima a idon wanda ake son a shawo kansa.

Dabarar Gunn ma ta yi rauni a zamanin wayar hannu. Ta dogara ne a kan hana marubuci 'yan kallo, amma yanzu hoto ko bidiyon minti ɗaya ya wadatar. Ko da an wanke taragon kafin ya bar wurin ajiya, dubban mutane sun riga sun gani a intanet. Saboda haka ake samun gungun matasa masu tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa domin su ƙara jirgin wani birni a jerin waɗanda suka taɓa fesawa, har da na Niyok da aka tsabtace tun 1989, kamfanoni kuma suka karkatar da kuɗinsu zuwa shinge, kyamarori, na'urorin gano motsi da wani rufi na musamman da ake shafa wa tarago domin fenti ya fita cikin sauƙi.